Yadda Ake Tsara Atisayen Ƙwallon Ƙafa ga 'Yan Wasan da Suka Haura Shekara Arba'in

A manyan garuruwanmu da dama akwai ƙungiyoyin tsofaffin 'yan ƙwallo, waɗanda a Najeriya aka fi sani da All Stars, da ke haɗuwa da safiyar Asabar ko Lahadi a filin wata makaranta. Cikinsu akwai wanda ya taɓa buga wa kulob ɗin jiha, akwai ma'aikacin gwamnati, akwai ɗan kasuwar da likita ya umarta ya rage tumbi, kuma shekarunsu kan tashi daga arba'in har zuwa sittin da 'yan kai. Abin da aka saba gani shi ne kowa ya sauko daga mota ko babur, ya ɗaura takalmi, a raba jesi, a shiga wasan sha ɗaya da sha ɗaya a cikakken fili har rana ta take. A haka ne masu zuwa ke raguwa sannu a hankali, wannan tsokar cinya ta tsage, wancan gwiwa ta kumbura, wani kuma iyalinsa sun hana shi komawa.

Dalilin a bayyane yake. Daga shekara talatin tsokar jiki kan ragu da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, raguwar kuma ta ƙara sauri bayan sittin. Iyakar bugun da zuciya za ta iya yi a minti yana sauka, jijiyoyi suna rasa laushinsu, kuma gajiyar da matashi zai warware a dare ɗaya takan ɗauki dattijo kwana biyu ko uku. Amma sanin ƙwallo ba ya tsufa da wuri, don haka idan tsohon ɗan gaba ya hangi giɓi a tsaron baya, zai zabura kamar yana ɗan ashirin da biyar. Nasiha ba ta tsayar da shi a wannan lokacin. Aikin mai horarwa shi ne ya sa iyakar a cikin tsarin atisayen, wato a girman fili, da tsawon lokaci, da dokokin wasa, yadda ko ɗan wasa ya so ya wuce gona da iri ba zai sami hanya ba.

Mataki na farko: sanin lafiyar waɗanda za a horar

Kafin a yi maganar ƙwallo, mai horarwa ya zauna da kowane ɗan wasa shi kaɗai, domin mutum mai girma ba ya son bayyana ciwonsa a gaban abokai. A tambaye shi ko yana da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yayin hawa bene, ko ya taɓa suma, ko wani daga cikin iyayensa ko 'yan uwansa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, da kuma ko yana shan taba. A wajen waɗanda suka haura shekara 35, babban abin da ke jawo tsayawar zuciya a filin wasa shi ne toshewar hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciyar, kuma wannan ciwo kan daɗe a jiki ba tare da mai shi ya sani ba. Duk wanda ya amsa da e a tambayar ciwon ƙirji, ko suma, ko mutuwar fuju'a a dangi, ya je ya ga likita kafin ya taka fili, haka kuma wanda ya yi shekaru bai motsa jiki ba.

Yana da kyau ƙungiya ta sayi na'urar awon jini mai batir daga kuɗin da ake tarawa, tun kafin a yi maganar sabuwar jesi. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai yana buƙatar ganin likita, wanda kuwa ya kai 180 bisa 110 da safiyar atisaye ya zauna a benci ranar, ko da yana cewa garau yake ji.

Akwai batun magunguna da ba a cika tambaya ba. Ciprofloxacin, wanda ake yawan sha a wajenmu da sunan maganin taifod, yana cikin dangin magungunan da ke ƙara haɗarin tsinkewar agara, musamman ga wanda ya haura sittin, saboda haka mai shan sa ko wanda bai daɗe da gamawa ba ya nisanci gudu da tsalle. Magungunan hawan jini irin su atenolol suna rage bugun zuciya, don haka ƙirga bugun ba zai nuna ainihin wahalar da mai shan su ke sha ba. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ya zo da cikinsa wayam, kuma ya riƙe dabino ko alawa a jaka. Ɗabi'ar haɗiye diclofenac ko ibuprofen kafin wasa don a danne ciwon gwiwa ita ma a hana ta, domin tana ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa, kuma idan ta haɗu da zafi da ƙarancin ruwa tana iya taɓa ƙoda. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ya jira sai ƙarfinsa ya dawo.

Mataki na biyu: lokaci, fili da kayan aiki

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba da gari ya waye, a kammala kafin rana ta yi ƙarfi, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi ke haura digiri 40. Hukumar FIFA kanta tana ba da hutun shan ruwa idan zafi ya tsananta, kamar yadda aka gani a wasan Holan da Meziko a birnin Fortaleza a gasar cin kofin duniya ta 2014, kuma waɗannan ƙwararru ne masu jini a jika. A lokacin hunturu matsalar ta juya: sanyin safiya na sa tsoka ta sandare, don haka a tsawaita ɗumama jiki, kuma ranar da ƙura ta turnuƙe a rage gudu saboda masu asma. A watan azumi a mayar da atisayen bayan buɗa baki da sa'a ɗaya ko biyu idan akwai fitila, ko kuwa a yi mai sauƙi dab da Magariba.

Sau biyu a mako ya fi sau ɗaya, muddin akwai aƙalla kwana biyu a tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, tare da ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Wanda zai yi kwana shida tsakanin kujerar ofis da kujerar mota, sannan ya zuba duka ƙarfinsa a safiya guda, shi ne ya fi kowa kusa da rauni.

Mai horarwa ya riga kowa zuwa, ya zagaya filin da ƙafa, ya kwashe duwatsu da fasassun kwalabe, ya sa alama a ramuka. A busasshen fili mai tauri irin na makarantunmu, takalmi mai dogayen ƙusoshi yana wahalar da gwiwa da idon sawu, kambas ko takalmi mai ƙananan haƙoran roba ya fi. A tanadi ƙwallo ɗaya ga kowane mutum biyu ko uku, da abin sa alama, da usur, da agogo, da ƙanƙara a kula, da ruwan leda aƙalla uku ga kowane mutum, wato lita ɗaya da rabi.

Mataki na uku: rubuta tsarin a takarda

Minti 75 sun wadatar. A ware minti 20 don ɗumama jiki da ƙarfafa tsoka, minti 15 don aiki da ƙwallo, minti 30 don ƙananan wasanni tare da hutunsu, sai minti 10 na saukar da jiki. A rubuta wannan a takarda tare da abu ɗaya tak da ake son koya ranar, misali ba da ƙwallo da sauri a matsa a karɓa. Amfanin takardar shi ne tana kare mai horarwa, wanda sau da yawa ƙane ne ga waɗanda yake horarwa, daga matsin Alhaji wane da zai ce a bar wannan tsalle-tsallen a raba fili kawai. Doka ɗaya kuma a kafa ta tun ranar farko: wanda ya makara zai yi nasa ɗumama jikin a gefe kafin ya shiga, komai muƙaminsa.

Mataki na huɗu: ɗumama jiki

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin nan ne ake yawan ha'inci. Tsarin da ya fi shahara shi ne FIFA 11+, wanda aka ƙirƙiro a 2006, mai ɗaukar kimanin minti 20 a kashi uku: gudu a hankali, sai ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa, sai gajeren gudu mai sauri. Binciken da aka buga a 2008 kan matasan 'yan wasa mata a ƙasar Norwe ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya bisa uku. Amma da aka gwada shi a Jamus kan tsofaffin 'yan wasa maza da ke yin sa sau ɗaya kawai a mako, jimillar raunuka ba ta ragu a fili ba, sai dai munanan raunuka ne suka ragu. Darasin da ke ciki shi ne atisayen ƙarfafa tsoka ba na ranar fili kaɗai ba ne, kowa ya maimaita shi a gida ko da sau ɗaya a tsakiyar mako.

A fara da minti shida zuwa takwas na motsi a tsakanin alamomi biyu masu nisan mita ashirin. Tafiya mai sauri tukuna, sai sassarfa, sai tafiya gefe-gefe, sai ja da baya, sai ɗaga gwiwa a juya ta waje sannan ciki don buɗe ƙugu. Kada a fara da tsayawa wuri ɗaya ana miƙa tsoka mai sanyi, kuma kada a bari kowa ya fara dukan ƙwallo da ƙarfi zuwa raga yana jiran a taru, domin wannan bugun farko ya sha yaga cinyoyi.

Minti goma na gaba na ƙarfafawa ne, kuma wurare huɗu ne ke buƙatar kulawa a jikin dattijo: bayan cinya, sha-raɓa da agara, matsematsi, da gwiwa. Don bayan cinya, mutum ya durƙusa a kan tabarma ko tawul, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa faɗuwa gaba a hankali jikinsa a miƙe, yana riƙe kansa iya ƙarfinsa, sannan ya tare ƙasa da tafin hannu. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna wannan motsi yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi. Yana da wuya ƙwarai, saboda haka a fara da sau uku kawai, a ƙara a hankali cikin makonni, kuma a gaya wa mutane tun farko cewa za su ji tsamin jiki bayan kwana ɗaya ko biyu. Don sha-raɓa, a tsaya a ɗaga dunduniya a sauke a hankali sau goma zuwa goma sha biyar, a maimaita. Don matsematsi, a kwanta rigingine a matse ƙwallo tsakanin gwiwoyi na daƙiƙa biyar, sau biyar. Don gwiwa, a yi tsugunno rabi kamar za a zauna a kujera, sau goma, gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo. A rufe da tsayuwa a ƙafa ɗaya na daƙiƙa talatin ana jefa wa juna ƙwallo da hannu. A duk waɗannan kada a riƙe numfashi, domin yin hakan yana ɗaga hawan jini nan take.

Minti biyun ƙarshe a yi gudu uku ko huɗu na mita talatin, kowanne ya ɗan fi na baya sauri, ba tare da an kai iyakar gudu ba.

Mataki na biyar: aiki da ƙwallo

Wannan sashe ba ya buƙatar dogon bayani, domin waɗannan mutane sun san ƙwallo. A raba su uku-uku su yi gajeren fasin suna motsi, sannan a yi da'ira mutum biyar ko shida suna yawo da ƙwallo, biyu na tsakiya na nema, a canza na tsakiya duk bayan daƙiƙa talatin zuwa arba'in ko sun ƙwace ko ba su ƙwace ba. Dogon fasin da bugun raga su zo a ƙarshen sashen, kuma a taƙaita su. A guji dogon layi inda mutum goma ke jiran ƙwallo ɗaya, domin jikin da aka ɗumama zai huce.

Mataki na shida: ƙananan wasanni

Wannan ne abin da ya fito da kowa daga gida, kuma shi ne ya fi amfani ga lafiya. Binciken da Farfesa Peter Krustrup da abokan aikinsa suka yi a Danmak ya nuna cewa ko maza masu shekara 65 zuwa 75 da ba su saba motsa jiki ba sun sami ƙarin ƙarfin zuciya da numfashi ta hanyar buga ƙwallo a ƙaramin fili, kimanin sa'a ɗaya sau biyu a mako.

Ga mutum biyar da biyar, fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 25 ya yi daidai. Idan fili ya yi girma, dogon gudu zai yawaita, bayan cinya ya shiga haɗari. Idan kuma ya matse da yawa, juyi da karo za su yawaita, gwiwa da matsematsi su ɗauki nauyin. Idan mutane sun kai ashirin, a yi fili biyu maimakon a tara su wuri ɗaya, kuma a raba su bisa ƙarfin jiki, kada a haɗa ɗan arba'in da biyu mai gudu da ɗan sittin a ɓangare guda na fili. A buga zagaye huɗu na minti biyar-biyar, da hutun minti biyu zuwa uku a tsakani, kowa ya kurɓi ruwa a kowane hutu ko bai ji ƙishirwa ba, domin jin ƙishirwa kan dushe da shekaru.

Dokoki kuwa a faɗe su kafin a busa usur. Babu zamiya don ƙwace ƙwallo, babu shiga ta baya, babu ture da kafaɗa, kuma duk wanda ya gaji ya ɗaga hannu ya fita a canza shi, ya dawo idan ya huta. Idan an ga wasa ya yi zafi, a sa dokar cewa sai an yi fasin biyar kafin a ci, ko a ƙara mutum ɗaya da ke taya duk ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo. A lura cewa dokar taɓa ƙwallo sau ɗaya ko biyu kawai kafin a bayar, wadda wasu ke zaton sauƙi ce, ƙara gudu take yi.

Hanya mafi sauƙi ta auna wahala ita ce magana. A lokacin hutu mai horarwa ya zagaya ya tambayi kowa wani abu. Wanda ya amsa da cikakkiyar jimla yana nan daidai, wanda kuwa bayan minti ɗaya da tsayawa har yanzu haki bai bar shi ya haɗa kalmomi ba, ya tsallake zagaye na gaba. Masu agogon da ke ƙirga bugun zuciya kan cire shekarunsu daga 220 don ƙiyasta iyakarsu, wato 170 ga ɗan hamsin, amma ƙiyasi ne kawai, yana iya saɓawa da bugu goma ko fiye. Jiki magayi: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko bugun zuciya marar tsari na nufin a tsaya nan take a nufi asibiti.

Ga waɗanda suka haura sittin, ko masu ƙiba sosai, ko masu ciwon gwiwa, akwai ƙwallon tafiya, wadda aka tsara a garin Chesterfield na Ingila a 2011 don 'yan sama da hamsin. Ba a gudu a cikinta, dole ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa koyaushe, kuma ƙwallo ba ta wuce tsayin kai. Za a yi mata dariya a makon farko, amma tana tilasta ba da fasin daidai ƙafar mutum, kuma ta fi zama a gida nesa ba kusa ba.

Mataki na bakwai: saukar da jiki

Kada a bari mutane su zube a ƙasa da busa usur na ƙarshe, domin tsayawa kwatsam bayan gudu na iya sa jini ya taru a ƙafafu, mutum ya ji jiri. A yi tafiya ta minti huɗu ko biyar, sannan a miƙa cinya, sha-raɓa da ƙugu, kowanne na daƙiƙa talatin. Mai horarwa ya zuba ido a wannan lokaci da lokacin hirar da ke biyo baya, saboda matsalar zuciya kan iya tasowa jim kaɗan bayan an gama.

Shirin ko-ta-kwana

Ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 a wasan Najeriya da Angola, ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya faɗi ana cikin wasa a birnin Lyon na Faransa a 2003, kuma dukansu ba su tashi ba. Christian Eriksen na Danmak ya faɗi a Kopenhagen ranar 12 ga Yuni 2021, ya rayu saboda an fara danna masa ƙirji da wuri, aka kuma yi amfani da na'urar farfaɗo da zuciya. Duk wanda ya faɗi ba tare da wani ya taɓa shi ba, kuma ba ya amsa kira, ba ya numfashi daidai, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya, ko da yana shure-shure ko yana jan numfashi jefi-jefi. Yayyafa ruwa, da fifita, da cusa cokali a baki ɓata lokaci ne. A kwantar da shi rigingine, a ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓa-karɓa ba tare da tsayawa ba har a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya. Aƙalla mutum uku a ƙungiya su koyi wannan a hannun ma'aikacin lafiya. A san asibiti mafi kusa da ke karɓar gaggawa, a ajiye mota ɗaya tana fuskantar ƙofa, kowa ya san wanda ke riƙe da makullinta.

Daga mako zuwa mako

Mai horarwa ya riƙe littafi inda zai rubuta waɗanda suka zo, da tsawon wasan da aka buga, da wanda ya koka da wani ciwo. A ƙara nauyi ta fuska ɗaya kawai a lokaci guda: idan an tsawaita zagaye daga minti biyar zuwa shida, kada a faɗaɗa fili a wannan makon. Idan akwai wasan sada zumunci da wata ƙungiya, atisaye mai nauyi na ƙarshe ya kasance aƙalla kwana uku kafin ranar, kuma a yi yarjejeniya da abokan karawa kan rage tsawon wasan da sakin canji ba iyaka. Wanda ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan dunduniya alhali babu kowa kusa da shi, wataƙila agararsa ce ta tsinke, asibiti za a kai shi kafin a yi tunanin mai ɗori. Wanda kuma ya dawo daga jinya, ko daga tafiyar da ta wuce mako uku, ya yi ɗumama jiki da aikin ƙwallo tare da kowa, ya buga zagaye biyu kawai a makon farko, uku a na biyu, sannan ya koma cikakken wasa idan gwiwa ko cinyar ba ta kumbura washegari ba.